Zalɓe Mai Shelar Ruwa

A Darki na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidan yake kira Iya. In an idar da sallar isha'i ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta ƙara kara a wuta, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna.

"Maigidana, matso kusa," haka take ce mini. "Kai ne sarkin gyangyaɗi. In ka faɗa wuta wa zai yi mini cefane?"

Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe." Mu amsa, "Ta iso mu ji ta."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta ƙi fita, ita ma don haushin da ta ba ni ne.

Wai dabbobin wani daji tafki ɗaya gare su. Sai suka naɗa zalɓe mai shela, tunda shi kullum ƙafarsa a ruwa take. Da gari ya waye zai ɗaga wuya ya ce ko dai "A sha!" ko kuma "Kada a sha!" An daɗe a haka lafiya. Wata shekara mushe ya ruɓe a ƙasan tafkin. Zalɓe ya gani, ya je ya faɗa wa zaki. Zaki ya ce, "In ka faɗa, kowa zai yi ƙaura. Wa zan mulka?" Da safe zalɓe ya ce a sha. Aka sha. 'Ya'yan barewa suka mutu.

Bayan ruwa ya gyaru, giwa ta so ta sha ita kaɗai, ta lallaɓa zalɓe. Ya ce kada a sha. Dabbobi suka wuni da ƙishirwa, da yamma suka hango giwa tana wanka a ciki.

"Tun daga ranar," in ji Iya, tana tone gyaɗa da tsinke, "in ya ce a sha, sai su kalli juna. In ya ce kada a sha, sai su kalli juna. Kurege ya ce shi ya ji kaza, bushiya ta ce ita ba haka ta ji ba."

Na ce, "To Iya, me suka yi?"

"Me za su yi? Rana ta take. Suka sa baki."

"Suka mutu?"

"Wasu sun mutu, wasu sun rayu. Ba wanda ya san dalili."

Na jira in ji an kama zalɓe an fige shi. Ba a kama shi ba. Ta miƙo mini gyaɗa ta ce ƙarshenta ke nan. Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, ta yi dariya kawai.

Yanzu a Wudil nake, ina da shagon ɗinki a bakin titi. Daminar bara amai da gudawa suka shigo unguwarmu. Ɗan maƙwabcina, Malam Sabo, da safe yana wasa a ƙofar gida, washegari muka kai shi makwanci. Bayansa sai 'yata Hafsatu, 'yar shekara huɗu. Na ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti, wuyanta yana lilo. Aka sa mata ƙarin ruwa, Allah ya tashi kafaɗarta.

A kwanakin nan wasu ma'aikata suka zo da mota, suka ɗibi ruwan rijiyar burtsatsen unguwa a kwalabe. Na tambayi ɗayansu, "Ranka ya daɗe, mu ci gaba da sha ko mu dakata?" Ya ce za a sanar. Ba mu sake ganinsu ba. A rediyo an ce an shawo kan lamarin, kowa ya kwantar da hankalinsa. A waya kuma wata murya tana yawo, wai har ruwan leda ba shi da tabbas. Mai garuwa ya rantse mini daga famfo yake ɗebowa. Malam Sabo ya ce da idonsa ya gan shi a bakin kogi.

Matata Binta tana tafasa ruwan sha in akwai gawayi. Ba kullum ake da shi ba.

Ina yaro na ɗauka Iya tana hana mu ƙarya ne, kada mu zama zalɓe. Sai yanzu na gane labarin waɗanda ke tsaye a bakin tafki take ba mu, su da ba su da hanyar sani, kuma ba su da wani ruwan. Ita ma ashe ba ta da amsa. Ta binne 'ya'ya kafin ta samu mahaifina, ba wanda ya taɓa gaya mata me ya ɗauke su.

Jiya Hafsatu ta shigo daga wasa tana haki. Na ɗebo mata a randa. Tun da ta yi ciwon nan ta koyi tambaya. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, wannan mai kyau ne?"

Na leƙa cikin kofin. Fari tas, kamar wanda ya kwantar da ita.

Na ce, "Mai kyau ne. Yi bismillah ki sha."