Ƙwaryar da Mairama Ta Wanke

Duk wanda ya san zangon Dapaong ya san Mairama mai nono, wanda kuwa ya san ta ya san bakinta. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, idan ka taya nononta da wulaƙanci sai ta wanke ka tas a gaban jama'a, sannan ta ƙara maka ludayi guda gyara. Haifaffiyar Komah ce a Sokode, 'yar gidan mahauta. Aure ne ya kai ta arewa, gidan Alidu mai fataucin shanu, Allah ya jiƙansa.

Ranar da ta tare, uwar mijinta ta miƙa mata wata ƙwarya da ɗan nono mai tsami a gindinta. Ta ce wannan shi ne iri: kullum a rage kaɗan a zuba a madarar gobe, kada a bari ya yanke, kada kuma sabulu ya taɓa ƙwaryar, ruwan ɗumi ya ishe ta. Haka matan gidan suke yi tun kakanni, amaryar da ta shigo a tarbe ta da iri, 'yar da za ta fita a raka ta da shi. Shekara arba'in da ɗaya Mairama ta riƙe wannan amana, har ƙwaryar ta yi baƙi, ta tsage a baki aka ɗinke.

Akwai 'yar ƙaninta, Hanifa, wadda aka kawo mata daga Sokode tana shekara uku, bayan wata doguwar gudawa da ta bar ta kamar tsinke. An gama maganin asibiti, amma cikin yarinyar ya ƙi riƙe komai. Mairama ta goye ta, ta dinga ba ta nono cokali-cokali har ta miƙe. Yarinyar nan ita ce ta yi ta karatu ba ji ba gani, har ta kai Lome, tana aiki a ɗakin bincike da farar riga. Shekara biyar da suka wuce ta zo hutu, ta cika wata 'yar kwalba da nonon, Mairama ta ɗauka guzuri ne, har ta yi mata faɗan ƙanƙantar kwalbar.

Hanifa ta taɓa yi mata bayanin aikin. Wai akwai wasu ƙananan halittu a nono da ido ba ya gani, su ne ke tsamar da shi, kuma suna daddatsa abin gina jikin da ke cikinsa gutsi-gutsi. Wai a hanjin mutum akwai 'yan ƙofofi da sai gutsattsarin sun yi ƙanana suke wucewa su shiga jini, ita kuma ƙofofin nan take nazari. Mairama ta ce to, ashe mahauta ne kamar ubanta, ta ci gaba da dama furarta. Daga nan ba ta ƙara tuna zancen ba.

Bara da damina Hanifa ta yi waya ta ce tana tafe mako mai zuwa, muryarta a dushe, ba ta faɗi dalili ba. Mairama ta zauna ta dubi kayan nononta, sai kunya ta kama ta. Yarinyar da ake cewa ta kusa zama dokta, a ba ta nono daga wannan tsohuwar ƙwarya mai ɗinki? Babban baƙo ai sabon abu ake fito masa da shi. Ta sayo robobi masu murfi, ta zubar da tsohon iri, ta dirje ƙwaryar da sabulu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har sai da hannunta ya yi fari, ta rataye ta a bango. Madara kuwa da yawur, wato nonon kanti, ta dinga haɗa ta. Masu saye suka ce ɗanɗanon ya canja, ta ce bakinsu ne ya canja.

Hanifa ta iso da wani akwatin ƙanƙara a hannu, ko zama ba ta yi sosai ba ta fashe da kuka. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kwana uku lokacin hutu, injin wuta ya ƙi tashi, duk abin da ke cikin firigon sanyaya kaya na ɗakin bincikensu ya mutu. Halittun da ta ware daga nonon gwaggonta, waɗanda ta shekara huɗu tana aiki a kansu, babu ko ɗaya. In ba ta samo irinsu ba kafin ƙarshen shekara, aikin ya tashi a banza, digirin ma sai dai wani jiƙon.

"Amma ba komai, Gwaggo," in ji ta tana share ido. "Tunda ƙwaryarki na nan."

Mairama ta ɗaga kai ta dubi bango. Hanifa ta bi idonta, ta ga ƙwaryar tana ƙyalli, ta tashi ta sunsuna, ta koma ta zauna. Da ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Mairama ta ji kamar da hannunta ta shaƙe yarinyar da ta raina, kuma ba ta ɓoye ba, ta faɗa da bakinta.

Da la'asar tana alwala abin ya faɗo mata. Salwa! Autarta da ta aurar Komah shekara tara da suka wuce, ai da iri aka raka ta. Sai dai Salwa yanzu atamfa take sayarwa, ga firigo ga 'ya'ya huɗu, wa zai ce tana da lokacin nono? Hanifa ta ce a kira ta a waya, Mairama ta hana. In babu ne, gara ta ji shi tana tsaye a gaban 'yar, ba a cikin ƙarfe ba.

Da safe suka kama mota. Tun daga Mango har Kara Mairama ba ta sa komai a bakinta ba sai carbi da take ja. Suna shiga gidan Salwa, ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba, ta tambayi iri. Salwa ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwarya rufe da faifai, ita ma ta fara baƙi.

"Kin riƙe?" in ji Mairama.

"Inna, wa zai yanke irinki ya zauna lafiya? Tsoron bakinki ne kawai. Ko haihuwa zan tafi sai na bar wa maƙwabciya amana."

Mairama ta tsoma yatsa ta lasa. Shi ne, tsamin nan mai ɗan gardi a ƙarshe. Ta zauna daɓas a tsakar gida tana hamdala, tana dariya, hawaye na zuba. Hanifa ta ce sai an duba a Lome tukuna a tabbatar, Mairama ta ce ta je ta duba, harshenta ya riga injinsu. Duk da haka ta ƙi komawa Dapaong, ta zauna Komah mako uku tana takura wa kowa, har ranar da waya ta yi ƙara.

"Gwaggo, su ne. Suna raye, sun ma fi na da ƙarfi."

Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Da za ta koma, Salwa ta ɗibi iri a wata 'yar ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa wa uwarta da hannu biyu. Ta gyara murya ta ce kullum a rage kaɗan, kada a bari ya yanke, kada kuma sabulu ya taɓa ƙwaryar. Hanifa da ta dawo rakiya ta toshe baki. Kowa ya jira tsawa.

Mairama ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta ji, in Allah ya yarda za ta kiyaye. Ta ƙi yarda a sa ƙwaryar a bayan mota, a cinyarta ta riƙe ta har Dapaong.