Ƙwallon da Alƙalin Wasa Ya Hana Mu

Abin da aka sa a wasan bai taka kara ya karya ba: kofi ɗaya da rago ɗaya. Ni na ɗinka wa samarin Gwadangaji riguna, abokin cinikina na Argungu, wanda nake sarin shinkafa a wurinsa, ya ɗinka wa nasu. A filinsu aka buga.

Turakun gola ba su da raga. Ana gab da tashi ɗan wasanmu ya ɗirka ƙwallo, ta wuce jikin turke ta faɗa gonar wani. Mu muka ce ta ciki ta bi, alƙalin wasa ya ce ta waje. Aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenareti, suka cinye mu.

Shekaru muka yi muna wannan gardama. In na sauka Argungu, tun kafin gaisuwa abokin cinikin nawa zai ɗaga murya:

"Ga masu cin ƙwallo cikin gona sun iso!"

"Ɓarayin rago, kun kwana lafiya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Kitse gare shi, wallah. Mun so aiko maka da ƙahon."

Sai ya sa a kawo fura. Ko ranar da muka saɓa a kan farashi, da zancen ƙwallon nan muke shiryawa. Kullum nakan ce da akwai na'urar bidiyo irin ta wasannin Turai, da ya ji kunya.

Bara wani ɗan kallo ya tono bidiyon wasan a tsohuwar wayarsa, ya turo mini. Ta ciki ta bi, ko makaho ya shaida. Na kai wa abokin cinikin nawa har rumfarsa, mutane suka taru a kanmu. Ya kalla, ya sa aka maimaita, ya miƙo mini wayar.

"Ta shiga," ya ce. "Gaskiya taku ce. Ragon ku ne munka ci."

Ban taɓa zaton zai amsa haka nan take ba. Na mayar da wayar aljihu.

Ba mu ɓata ba. Har yau shi ke ba ni shinkafa, awonsa cikakke. Amma yanzu in na je sai gaisuwa, sai farashi, sai lodi, in kamo hanyar Birnin Kebbi tun rana ba ta yi zafi ba. Na samu ƙwallon da ba ta dawo da kofi ba, na rasa mai tsokanata.