Ranar da Arzika Ya Ci Goro

A Furfuri ba a fitar da tulun tsimi kasuwa sai Arzika ya ɗanɗana. Manomi ne, gajere, mai ƙarancin magana. Za a zuba masa a ludayi, ya ɗaga ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan ya riƙe a baki, sannan ya tofar. Yakan ware ɗacin maɗaci da zafin citta, ya faɗi ko zumar ta kogon itace ce ko ta amya. Hukuncinsa biyu ne. In ya ce "ya tsumu," magani ne. In ya ce "ya juya," to ya zama abin maye, a fasa tulun a gaban jama'a, mai shi kuwa sunan mai giya ya bi shi har kabari.

Shekarar da na dawo daga karatu a Kano, bayan annobar mura, aka tono tulun Sahabi, yayan Arzika. Shi marigayin ya toshe bakinsa da yumɓu, ya binne a gindin rumbu tun kafin babbar yunwa. Matarsa Hanatu, wadda ke ciyar da marayu da sana'ar tsimi, ta sa rai da shi ƙwarai. Har daga Bunguɗu da Mada masu ciwon sanyi suka zo da ƙorai.

"To, ƙaramin miji," in ji Hanatu tana miƙa ludayi, "yau dai a yi muna adalci. Ko tuwon da ka ci gidanga ya isa toshiya."

"Tuwon da babu man shanu, Yaya?"

Aka yi dariya. Ruwan ya fito ja, garau, kamar man ja a rana. Ina kusa, na ji ƙamshin zuma da kanumfari da wani abu mai kama da hayaƙin kirya. Arzika ya kurɓa. Ya daɗe bai tofar ba, idonsa a rufe, har dariyar ta mutu.

Da ya tofar sai ya juya ga wani dattijo, Dogo, ya ce, "Ɗan ba ni goro."

Dogo ya miƙa masa. Mai ɗanɗano ba ya cin goro, domin a wajensu goro yana kashe harshe, kuma wanda ya ci an daina karɓar maganarsa ke nan. Arzika tun yana saurayi bai taɓa kai shi baki ba. Ya ɓare, ya tauna a hankali, kowa na kallo.

"Malam Arzika, tsimin fa?" in ji Dogo.

"Harshena ya tsufa. Ku nemi wani."

Babu wani. Masu ƙorai suka watse ba su saya ba, ba kuma wanda ya sami kalmar da zai jefi Hanatu da ita. Ta ci gaba da ƙananan jiƙonta, ana saye. Arzika kuwa ya koma gonarsa, ba a sake miƙa masa ludayi ba har ya rasu.

Da yammacin ranar da ya ci goron, Hanatu ta tuntsurar da tulun a bayan danga da hannunta. Ita ta gaya mini cewa da ƙasa ta shanye, ta dubi Arzika ta ce, "Ya yi daɗi dai?"

Ya ce, "Yaya, ban taɓa ɗanɗana irinsa ba."