Ɗauko Akori-Kurar Baba Kyari daga Nguru

Abu uku na saka a wannan tafiya: kwanakin kasuwa da na bar wurin sayar da motocina na Kabuga a rufe, da kuɗin da na san ba za su dawo ba, da kuma alkawari. Na ukun ne ya tashe ni.

Baba Kyari na Gwammaja shi ya fara ɗora hannuna a sitiyari. Asalinsu Borno, amma a Kano aka haife shi. Shekara da shekaru yana jigilar bandar kifi daga Nguru a fijo 404, akori-kura haɗin Kaduna, ni ina karen mota. Da ciwon suga ya cinye masa ido sai ya sayar da ita a can. Bana ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya, ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, an ce wanda ya sayi motar nan ya rasu, magada za su ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su yanka. Gani dai ya wuce ni. Ka kawo ta bakin lungu ka ba ta wuta in ji kukanta."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda."

Talata: Kano zuwa Nguru

Ana idar da sallar asuba na fito daga Mandawari, na biya na ɗauki Ɗanlami, makaniken da muka tsufa tare a ƙarƙashin motoci. Motar haya muka shiga don mu dawo a fijon. Muka bi Gezawa da Ringim, muka karya da shayi da burodi a Haɗeja. Shingen bincike uku muka wuce lafiya. Bayan azahar muka sauka Nguru.

Mun tarar har an ja motar zuwa filin 'yan gwangwan. Ban so abin da na gani ba. Ga tsohuwar Marsandi mai dogon hanci an raba ta biyu, ga Landirobar an zare mata ƙafafu, yara suna bin su da wutar gas. Kaurin ƙarfen da ya sa motocin nan suka kai yau, shi ya sa ake neman su, don a sikeli ake sayen su.

Tamu tana gefe. Fitilun nan zagayayyu suna nan, giyar tana jikin sitiyari, doguwar kujerar gaba mai cin mutum uku ta yage amma ba ta karye ba. Har yanzu bayanta yana ƙarnin kifi.

Mai filin ya dube ni ya ce, "Alhaji, mai irin takalminka me zai yi da gawa?"

Ɗanlami ya ce, "Gawar ta girmi babanka, ka yi mata ladabi."

Na biya abin da sikeli zai ba shi har da ɗori, na karɓi takardu wurin magada. Muka sa batir. Ko tari ba ta yi ba.

A nan shawara ta rabu biyu. Akwai babbar mota da za ta tashi Kano da yamma, za a iya ɗora ta a kai, a gyara a gida inda kayan gyara suke. Ko kuma mu kwana mu tashe ta a nan. Baba yana da wata magana tun zamanin da muke jigilar kifi: motar da ta shiga gari a bayan wata mota ba mota ba ce, kaya ce. Na so ta shiga Kano da ƙafarta. Na kira 'yarsa Falmata, wadda take jinyarsa.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Yaya Habu. Alhamdu lillahi."

"Ya ci abinci?"

"Yana ɗan taɓawa. Ku dai yi aikinku a tsanake."

Na sallami mai babbar mota.

Laraba: Nguru

A shagon wani mai faci muka kwana, sauro ya yi mana rabon gado. Ɗanlami ya kwance kafireta ya wanke da fetur, ya goge fulogi, ya toshe yoyon lagireto. Abin daɗin motocin da ke nan, komai nasu a fili yake, hannu yana kaiwa, ba na'urar da za a jona a tambaya. Kwantak, ɗan ƙarfen da ke sa wuta ta kai ga fulogi, shi ne ya ba mu wuya. Sai la'asar muka samo wurin wani tsoho da ya ciro shi daga gwangwanin madara.

Daf da magariba ta tashi. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta daidaita. Kukan nan ne dai, bai canja ba. Na so in kira in kara masa waya a kunne, sai na ce a'a, ba haka ya roƙa ba.

Alhamis: Nguru zuwa Kano

Da asuba muka kama hanya, ba ma wuce sittin. A Birniwa ta yi zafi, muka tsaya muka ba ta ruwa. A wani shinge jami'in ya zagaya ta yana dariya, ya ce kakansa ya yi irinta, ya ɗaga mana hannu.

A Haɗeja na sake kira. Mijin Falmata ne ya ɗauka.

"Alhaji, kuna ina?"

"Haɗeja. Ina Falmata?"

"Tana ciki. Ku taho a hankali, kada ku yi gudu."

Na ajiye waya. Muka ci gaba da tafiya a hankali, muka wuce Ringim da Gezawa.

Mun shiga Gwammaja an fito daga azahar. Tun daga nesa na hango tabarmi a bakin lungu, da mutane tsaye. Ashe da hantsi Baba ya cika. An yi masa sutura, an sallace shi, ana shirin ɗauka.

Na kashe mota na fito. Limamin unguwa ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Tasa ce?"

Na ce, "Tasa ce, Malam."

Ya ce, "To a sa shi a ciki."

Aka ɗora makara inda muke jera kwalayen kifi. Na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. A giya ta ɗaya na kai shi maƙabarta, jama'a suna biye.

Da na shiga yi wa Falmata gaisuwa, ta ce, "Yaya Habu, tun ranar Litinin ko ruwa ba ya wucewa. Jiya da rana yana ta cewa a yi shiru, kamar ya ji mota."

Na ce, "Me ya hana ki gaya min?"

Ta ce, "Kana kan hanya. Ana gaya wa matafiyi?"

Gaskiyarta, ba a gaya wa matafiyi. Ni kaina na sha yi wa wasu haka.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ɗanlami da ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Ga lissafin: da na ɗora fijon a babbar mota, da Laraba da rana tana bakin lungu tana kuka. Na ƙwace mota daga sikeli, na rasa yini ɗaya, kuma yinin nan shi ne duk abin da aka aike ni nema. Tana Kabuga yanzu a ƙarƙashin rumfa. Mutum biyu sun taya, na ce ba ta sayarwa ba ce.