Mai Fifita da Hula a Garejin Illo

Ƙanwata Mashkura ta haihu a Bagudo. Ina Illo ina jiran mota, murna ta hana ni zama. Ga wani dogo can a garejin gyaran esi, na'urar sanyaya mota, rigatai sharkaf da zufa. Shina kara tafin hannu inda iska ke fitowa cikin motatai, shi janye, shi zagaya motar, shi dawo. Har yanzu zafi take busowa. A kujerar baya wata tsohuwa na kwance, numfashi sama-sama. Ina jin uwatai ce, asibiti za su.

"Alhaji, gas ke yoyo, sai na lalubo hujin," in ji makanike.

Dogon ya tuɓe hulatai, ya durƙusa shina mata fifita.

"Yi sauri, malam. Inna, ni ne esinki kafin shi gama."