Alkamar da Na Tuɓe wa Riga

Asabar, daga Faisal

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na hau ƙaramar bas daga unguwar Faisal ta Alƙahira zuwa tasha, a Nuwamban 2013, rungume da kilo uku na irin alkama. Tsohuwar alkama ce mai ɓawo, wadda ke jure sanyin duwatsu. Malamina na sashen noma ya shekara shida yana tace ta, abin da ya rage masa ke nan. Ya ce in kai wa wani dattijo, Hajj Salim, a duwatsun Sina, ya shuka kafin ruwan hunturu.

Ni ɗan manoman alkama ne daga Kadawa, kuma a gidanmu ba a kai wa mutum hatsi da ƙaiƙayi. Don haka ranar Juma'a na ari turmi wurin wata 'yar Maraɗi, na daka, na sheƙe, ya fito fes. Har yaba wa kaina na yi.

Hanya

Babbar motar Sina ta bar Alƙahira ƙarfe shida da rabi. Kilomita ɗari huɗu da hamsin, shingen sojoji bakwai. A kowanne ni kaɗai ake saukewa, a juya fasfo, a cusa hannu cikin buhu. Direba ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, zamanin ne. A Ras Sidr na ci gurasa da wake a tsaye.

Lahadi, kan dutse

Tafiyar awa biyu muka yi a ƙafa ni da dattijon zuwa gonarsa. Hajj Salim ya nuna mini fegin da ya hana wa sha'irinsa bana saboda mu. Sannan ya kwance buhun, ya ɗebo, ya daɗe yana kallo.

"Ya ibni, ɗana, wa ya tuɓe mata riga?"

Na ce ni ne. Ya ce wannan da ɓawonta ake binne ta, taɓarya ta fasa idon da tsiro ke fitowa. Bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Muka shuka duk da haka, kunya kamar in nutse.

Komawa

Litinin da la'asar na iso Faisal lafiya, na gode wa Allah, na gode wa dattijon da ya ciyar da ni kwana biyu bai sake ta da maganar ba. Sai da na kwana huɗu kafin na iya gaya wa malamina. Bayan mako biyar Hajj Salim ya bugo waya. Ya ce ya ƙirga, tsiro goma sha tara ne, ya kewaye kowanne da duwatsu saboda awaki.