Jar Hula da Madarar Jarirai

Darlene, mai karɓar kuɗi a kantin wani ƙaramin gari a jihar Idaho, ba ta san dattijon da ke gabanta ba. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yana warin garken shanu, a kansa jar hular jam'iyyar masu neman a kori baƙin haure, irin ta mijinta. Kayan da yake jibgewa ne suka ja hankalinta: garin masara, wake, busasshen barkono, duk cimar 'yan Meziko, ga madarar jarirai. Ina tsoho irin wannan ina jariri? Ta dai san tun da aka fara kamen baƙi marasa takardun zama, 'yan Meziko masu tatsar shanu suka daina fitowa. Wani ne ke yi musu cefane.

Na bayansa a layi, mai irin hular, ya leƙo. "Baba, yaushe ka fara cin barkono? Duk wanda ya ɓoye 'yan Mezikon nan fa ba namu ba ne."

Dattijon bai juya ba. "Yaro, tun ba a haife ka ba nake zaɓen jam'iyyar nan. Na ce a rufe iyaka, ban ce a raba uwa da jaririnta ba."

Ya miƙa wa Darlene kuɗin.

Darlene ta cusa madarar can ƙasan leda, ta rufe da wake. Dattijon ya fita yana waige. Na bayan ya ajiye kayansa, ya matsa jikin taga, waya a kunne, yana karanto wa masu kamen lambar motar dattijon.